A Koyi Ba Kwamfuta Umurni A Rubuce: Shawara Ga Akawuna Da Malaman Wurno Da Rabah Da Goronyo

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin ilmi na ƙaramar hukuma a ƙarshen zangon karatu ya san irin wahalar da a ke sha a wannan lokaci. Shugabannin makarantu su kan yi ta turo jerin sunayen yara da na malamai, wannan daga ƙauyukan Rabah, wancan daga bakin fadamar Wurno, wani kuma daga can ƙetaren gulbi a ƙasar Goronyo. Akawu ya tara su, ya buga, ya lissafa, ya sake lissafawa, sa'an nan ya tarar jimlar yau ba ta yi daidai da ta jiya ba. Ana cikin haka sai ga takarda daga Sakkwato, ana son lissafin kafin ran Litinin.

Abin da ya ke ba mu mamaki shi ne, a kan teburin wannan akawu akwai kwamfuta, na'urar da a ka ƙera musamman domin irin wannan aiki, amma ba a ɗauke ta a bakin kome ba sai keken rubutu mai haske. Mun yi rangadi a ofisoshi da makarantu, mun kuwa ga haka ba sau ɗaya ba. Misalinmu kamar mutumin da ya sayi ingarma da kuɗi mai tsoka, ya ɗaura masa sirdi, sa'an nan ya kama hanyar kasuwa a ƙasa yana jansa. Nufinmu a yau mu nuna yadda a ke hawan dokin, watau yadda a ke ba kwamfuta umurni a rubuce, ta yi aikin da kanta.

Nuni da yatsa da magana da baki

Yawancinmu mun saba da hanya guda ta sarrafa kwamfuta: a ja ɗan linzamin nan, a nuna hoto a kan allo, a danna. Wannan hanya tana da sauƙi, amma daidai ta ke da cinikin baƙon da bai ji harshen gari ba. Ya nuna albasa, ya nuna tafarnuwa, ya ɗaga yatsu uku. Zai sami abin da ya ke so, amma ba shi da ikon ya ce, "Kowace ran kasuwa ka auna mini kaza, ka kai gida, in ta yi tsada ka bari." Irin wannan magana sai wanda ya iya harshe.

Kwamfuta ma tana da harshenta. Akwai wata taga da a ke buɗewa, galibi baƙa ce, ba hoto ko ɗaya a cikinta, sai wani ɗan tsinke da ke ƙyaftawa yana jiran a yi rubutu. Nan ne a ke kira layin umurni. Mutum ya rubuta abin da ya ke so, ya danna, na'ura ta aikata. Tsakanin mai rubutu da na'ura akwai wani tsari da ke aikin tafinta, Turawa suna ce masa shel, shi ke karɓar maganar ya isar. In kuwa a ka jera umurni da yawa bi da bi a cikin fayil guda, a ka ajiye, to, an sami abin da mu ke kira takardar umurni. Duk ran da a ka kira sunanta, kwamfuta za ta bi ta daga layin farko har na ƙarshe, ba gajiya, ba mantuwa, ba tsallake.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga magadan akawunan En'e. Kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, iyayenmu da suka riƙe baitulmali da littattafan haraji da jangali ba da ka su ke aiki ba. Akwai rubutattun ƙa'idodi, wanda ya zo sabo ya karanta ya bi. Marigayi Sardauna Ahmadu Bello, wanda a ka haifa a Rabah, ya bar koyarwa a Midil ta Sakkwato ya zama hakimin garin a 1934, a cikin irin wannan tsari na rasit da rajista ya yi aiki. Takardar umurni ita ce rubutacciyar ƙa'ida, sai dai wannan karon na'ura ce mai karantawa.

Inda abin ya samo asali

A shekarar 1969, a ma'aikatar bincike ta Bell da ke ƙasar Amurka, waɗansu masana biyu, Ken Thompson da Dennis Ritchie, suka fara gina wani tsarin tafiyar da kwamfuta da a ka sa wa suna Unix. Ra'ayinsu shi ne kada a ƙera ƙaton abu guda mai yin kome da kome. Gwamma a ƙera ƙananan kayan aiki masu yawa, kowanne ya iya abu guda ya kuma iya shi sosai, kamar yadda manomi ya ke da fartanya dabam, lauje dabam, gatari dabam. A 1979 a ka fitar da tafintan da Stephen Bourne ya rubuta, wanda ya sauƙaƙa rubuta takardun umurni. A 1989 Brian Fox ya fitar da wani sabo mai suna Bash, kyauta ga kowa, a ƙarƙashin shirin GNU. A 1991 kuma wani ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya soma Linux, wanda a yau shi ke tafiyar da akasarin manyan na'urorin da ke riƙe da intanet, a kansa kuma a ka gina Android da ke cikin wayoyin aljihunmu. Kamfanin Microsoft ma da ya ga amfanin abin sai ya fito da nasa a 2006, mai suna PowerShell, wanda ke cikin kwamfutocin Windows na ofisoshinmu tun tuni, ko da ba a taɓa buɗe shi ba.

Abin lura a nan shi ne daɗewar wannan ilmi. Hotunan kan allo suna sakewa kusan kowace shekara, wanda ya koyi na bara sai ya sake laluben na bana. Amma umurnin da a ka rubuta shekara arba'in da suka wuce, yawancinsu suna nan suna aiki yadda su ke. Wanda ya koya yau ya yi jarin da ba ya ruɓewa da wuri.

Magudana

Mafi kyawun dabarar da ke cikin wannan tsari ita ce wadda Douglas McIlroy ya ba da shawararta, a ka shigar da ita cikin Unix a 1973. Mutanen ƙasarmu za su gane ta nan da nan, gama mu masu noman rani ne. Ruwan da a ka tare a madatsar Goronyo, wadda a ka gama ginawa a kan Gulbin Rima a 1984, ba da tulu a ke kai shi gona ba. Ana sakinsa ya bi babbar hanya, ya shiga ƙarama, daga nan mai lambu ya buɗe wa wannan fangali ya toshe wa wancan. Haka a ke yi da bayani. Abin da ya fito daga bakin umurni na ɗaya sai ya kwarara cikin na biyu, na biyu ya miƙa wa na uku. Alamar wannan magudana kuwa wani tsayayyen layi ne kamar alif.

Bari mu gwada. Jadawalin da a ka yi da Excel ana iya ajiye shi a siffar da a ke kira CSV, inda kowane jeri ya ke zama layi guda, waƙafi kuma ya raba gida da gida. A ce muna da irin wannan fayil mai ɗauke da makarantun shiyyar gabas, muna son sanin nawa ne na Goronyo. Sai mu rubuta:

grep Goronyo makarantu.csv | wc -l

Na farkon, watau grep, aikinsa tsince duk layin da ke da kalmar da a ka ba shi. Na biyun kuwa ƙidaya layi kaɗai ya iya. Da a ka haɗa su sai amsa ta fito kafin mutum ya ɗauke yatsa.

Ga wani wanda ya fi wannan nauyi. A ce lambar kowane malami tana gida na uku a cikin jerin ma'aikata, muna kuwa tsoron ko an shigar da wani sau biyu:

cut -d, -f3 malamai.csv | sort | uniq -d

Na farko ya yanko gida na uku, na biyu ya jera lambobin bisa tsari, na uku ya fito da waɗanda suka maimaitu kaɗai. Aikin da akawu biyu za su yini suna yi, ɗaya na karantawa ɗaya na duba, ga shi a layi guda. Kowa ya san abin da suna biyu a takardar albashi ya ke jawowa: ko dukiyar jama'a ta salwanta, ko a tsayar da albashin bawan Allah wata da watanni ana bincike, alhali kuwa kuskuren bugu ne.

Sai dai a kula, na'ura ba ta san nufi ba, harafi ta sani. In wani ya rubuta Goronyo wani kuma ya rubuta Gwaranyo, a wurinta garuruwa biyu ne. Haka Rabah da Raba, haka Ɗanjuma mai lanƙwasa da Danjuma marar ita. Akwai umurnin da a ke kira sed wanda ya ke iya mai da duka su zama iri ɗaya a cikin ƙiftawar ido, amma mutum ne zai fara lura da bambancin, shi ne kuma zai yanke wanda za a bi. Albishir ga masu rubutun Hausa shi ne, tsarin UTF-8, wanda shi dai Ken Thompson ɗin nan da abokin aikinsa Rob Pike suka tsara a 1992, yana ɗaukar ɓ da ɗ da ƙ lafiya lau. Saboda haka ba mu da sauran hanzarin zubar da lanƙwasa a sunayen 'ya'yanmu.

Ajiya ita ce gaba da kome

In da za a ce mu zaɓi aiki guda tak da ya kamata kowane ofis ya danƙa wa takardar umurni, to, kwafin ajiya za mu zaɓa. Ƙasarmu ta ɗanɗana ambaliyar 2010, wadda ta ci garuruwa da gonaki a gefen Rima. Ta kuma sha fama da rashin tsaro wanda ya sa jama'ar ƙauyuka da dama barin gidajensu ba shiri. Ban da waɗannan ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara, ga wutar lantarki mai zuwa da ƙarfi ta ƙone na'ura. Mun taɓa isa wani ofis, ba ma faɗi suna ba, muka iske akawu ya yi tagumi. Faifan kwamfutarsa ya mutu da safiyar nan, da sakamakon jarrabawar yara na shekaru a ciki, kwafi kuwa babu. Da muka tambaye shi, sai ya ce kullum yana da niyyar yi, aiki ne ya ke shan kansa. Ba mu ga laifinsa ƙwarai ba, don duk aikin da a ka rataya a wuyan tunawar ɗan Adam, wata rana sai an manta. Amma yaron da ya zo neman shaidar gama firamare domin ya shiga sakandare, wa zai ba shi haƙuri?

Ga takardar umurni mai layi uku da za ta hana irin wannan:

#!/bin/bash
rana=$(date +%F)
tar -czf /media/ajiya/ofis-$rana.tar.gz /home/ofis/takardu

Layin farko yana faɗin wane tafinta ne zai karanta. Na biyu ya tambayi na'ura kwanan wata, ya riƙe shi da laƙabin "rana". Na uku ya ƙunshe jakar takardun ofis duka a ƙunshi guda, ya matse shi ya ƙanƙance, ya ajiye a wani faifai na waje da kwanan watan a jikin sunansa. Sunayen jakunkunan misali ne, kowa sai ya sa nasa.

Sa'an nan akwai wani tsari mai suna cron, wanda ya ke kamar mai gadi da agogo a hannu. In a ka rubuta masa 0 12 * * 1-5 tare da sunan takardar, zai tashe ta ƙarfe goma sha biyu na rana, daga Litinin zuwa Jumma'a. Mun zaɓi wannan lokaci ne domin a gama kafin a tashi masallaci ran Jumma'a. Amma cron ba ya rama aikin da ya wuce shi sa'ad da na'ura ta ke kashe, mu kuwa mun san halin wutarmu. Don haka a nemi ɗan'uwansa anacron, shi in an kunna na'ura ya kan duba abin da a ke binsa ya biya. Har wa yau, kwafin da ke ɗaki guda da asalinsa rabin ajiya ne, gama ruwan da ya ci wannan zai ci wancan. A riƙa kai guda wani gari. Kuma lokaci lokaci a buɗe ƙunshin a tabbata abin da a ka zuba yana ciki.

Wuƙa mai kaifi

Ba za mu ɓoye muku haɗarin abin ba. Layin umurni ba ya tambayar mutum ko ya tabbata. Umurnin sharewa, watau rm, ba ya kai fayil kwandon shara inda za a iya tsamo shi, hallaka shi ya ke yi. A 1998, a kamfanin Pixar na Amurka, ana tsakiyar shirya fim ɗin Toy Story 2, sai a ka saki wannan umurni a inda bai kamata ba, ya share kusan kashi 90 cikin 100 na aikin. Da a ka juya ga kwafin ajiya sai a ka tarar ya daɗe ba ya aiki daidai, ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya mai jego da ke aiki daga gida, tana da kwafi a tata na'urar. In masana irin waɗannan sun yi tuntuɓe, ina ga mu?

Saboda haka ga ƙa'idodin da mu ke karantar da ɗalibanmu. Kada a gwada sabon umurni a kan takardun gaskiya, a yi kwafi a gwada a kansa. Kafin a share, a fara sa ls ya nuna abin da za a share, a karanta da ido. Kada a kwafo umurni daga intanet ko daga saƙon waya a saka alhali ba a fahimci kowace kalma a cikinsa ba. A sa set -u a saman takarda, domin in an kira laƙabin da ba a cika shi da kome ba ta tsaya cik, maimakon ta ci gaba ta yi ɓarna. Kada a rubuta kalmar sirri a cikin takardar umurni. Kuma a tuna sunayen yara da lambobin malamai amana ne, dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ma ta ɗora wa mai riƙe da su nauyin tsare su.

Ƙa'ida ta ƙarshe ita ce wadda muka fi ƙauna. Duk layin da ya fara da alamar # na'ura ba ta aiki da shi, ban da na farkon nan mai faɗin tafinta. An bar wannan dama ce domin mutum ya yi wa ɗan'uwansa bayani. To, a yi bayanin da Hausa: wannan layi yana yin kaza, saboda kaza. Ran da a ka yi wa akawu canji daga Wurno zuwa wani wuri, ko ya yi ritaya, ilminsa ba zai bi shi ba. Wanda ya gaje kujerar zai buɗe ya karanta ya ci gaba. Sau nawa aikin ofis ya tsaya cik don mutum guda kaɗai ya san kansa?

Amsa ga masu shakka

Waɗansu sun ce mana wannan zai raba akawu da abincinsa. Mu ba mu ga haka ba. Na'ura za ta iya cewa lamba kaza ta fito sau biyu, amma ba ta san ko mutum ɗaya ne a ka maimaita ko kuwa mutum biyu ne a ka ba lamba guda ba. Wannan sai wanda ya san makarantar, ya san mutanen. Abin da za ta ɗauke masa jakancin aikin ne, ta bar masa hukunci.

Waɗansu kuma sun ce Turancinsu bai kai ba. Kalmomin da a ke bukata da farko ba su wuce ashirin ba, yawancinsu ma ba Turanci sosai ba ne, gutsattsarin haruffa ne kamar ls da cp da mv, waɗanda Bature da kansa sai ya haddace. Wanda ya iya riƙe jadawalin sau tun yana aji uku ba zai kasa waɗannan ba.

Masu cewa ba su da kwamfuta kuwa, akwai manhajar Termux ta kyauta wadda ke buɗe layin umurni a kan wayar Android. Mai Windows yana iya sa Linux a cikinta ta hanyar tsarin WSL, ko ya ɗora Ubuntu a kan filas ya tashi na'ura da shi ba tare da ya taɓa abin da ke ciki ba. Da zarar an saukar da kayan, yawancin koyon ba ya bukatar intanet, gama umurnin man yana buɗe bayanin yawancin umurni daga cikin na'urar kanta.

Yadda za a soma

Shawararmu a ɗauki rabin sa'a kullum. Makon farko a koyi yawo cikin jakunkuna da pwd da ls da cd. Na biyu a koyi kwafi da ƙaura da ƙirƙirar jaka. Na uku a shiga grep da sort da magudana, ana gwadawa da kwafin rajistar aji. Na huɗu a rubuta takardar umurni ta farko, ta kwafin ajiya. Daga nan sai a tambayi kai: wane aiki ne na ke maimaitawa kowane mako har ya gundure ni? Shi ne darasi na gaba. In mutum biyu ko uku na ofis guda suka haɗu suna duba aikin juna, tafiyar za ta fi sauri, kuskure kuma zai ragu.

Muna roƙon sakatarorin ilmi na waɗannan ƙananan hukumomi uku su ba akawu guda a kowane ofis sarari ya koyi wannan, su kuma tanadi faifan ajiya ko da guda biyu ne. Makarantun horon malamai su ma ya kamata darasin kwamfuta ya wuce buga wasiƙa. Yaranmu tun 2015 da kwamfuta su ke rubuta jarrabawar JAMB, bai kuwa dace a ce duk ran da na'ura ta yi gardama a Rabah ko Goronyo sai an jira wani ya taso daga Sakkwato ba.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a Wurno har ya rasu a can a 1837, mun san ra'ayinsa da tsarin mulkinsa ne domin ya rubuta, waɗanda suka biyo baya kuma suka adana. Rubutawa da adanawa gadonmu ne, kayan aikin ne kaɗai suka sake. Wanda ya gwada abin da muka faɗa ya ci karo da wata matsala, ya rubuto wa wannan jarida, za mu amsa gwargwadon iko. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu riƙe amanar da a ka danƙa mana, amin.